Lord Aberdare (1815–1895): Mai Ƙasa, Ɗan Siyasa, Kuma Gwamnan Kamfanin Neja

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya karanta tarihin zuwan Turawa ƙasar Hausa ya san sunan Goldie, ya kuma san na Gwamna Lugga. Amma akwai wani suna da ba a cika ambata ba, alhali kuwa mai shi ne ya shugabanci kamfanin da ya share wa mulkin mallaka hanya har tsawon shekara goma sha uku. Wannan mutum shi ne Henry Austin Bruce, wanda daga baya aka sani da Lord Aberdare. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma a ƙarƙashin shugabancinsa ne aka aiko manzo Sakkwato da Gwandu a shekarar 1885, aka koma Landan da takardun da Ingila ta riƙa kafa hujja da su a gaban sauran ƙasashen Turai.

Manufar wannan takarda ita ce a bi rayuwar wannan mutum a inda ya yi ta, watau a Wales da Landan na zamanin Sarauniya Biktoriya, domin a ga irin mutumin da yake da kuma inda ƙarfinsa ya samo asali. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, dukiyarsa da darajarsa sun tsiro ne daga wata fahimta ta mallakar ƙasa wadda ta ba mai fili abin da ke bisansa da abin da ke ƙarƙashinsa, kuma wannan fahimtar ce kamfaninsa ya ɗauko ya shigar cikin yarjejeniyoyin da ya ƙulla da sarakunan da ba haka suka san ƙasa ba.

2.0 Asalinsa da Tushen Dukiyarsa

An haifi Bruce ranar 16 ga Afrilu, 1815, a Duffryn da ke kwarin Aberdare, cikin lardin Glamorgan a kudancin Wales. Shi ne ɗa na biyu ga mahaifinsa, John Bruce Pryce, wanda yake ɗaya daga cikin masu filaye na wannan yanki. Ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a garin St Omer na Faransa, daga baya ya yi makaranta a Swansea, sa'an nan ya karanta shari'a ya zama lauya a Landan a 1837, shekarar da Biktoriya ta hau gadon sarauta.

A lokacin da aka haife shi, kwarin Aberdare ƙauye ne na kiwo da 'yan ma'aikatun ƙarfe, kuma filin gidansu ba wani abin a zo a gani ba ne in aka kwatanta da na manyan masu sarautar Ingila. Abin da ya sauya al'amarin shi ne kwal. A farkon shekarun 1840 wani ɗan kasuwa mai suna Thomas Powell ya haƙa rami a yankin Duffryn ya iske kwal mai kyau, irin wanda yake ci da zafi ba ya yawan hayaƙi, wanda jiragen ruwa masu tururi suka fi bukata. Nan da nan sai masu haƙa suka yi wa kwarin ca. Mutanen Aberdare da ba su wuce kimanin 6,500 ba a ƙidayar 1841, sai ga su sun haura 32,000 a ta 1861.

A nan ya kamata a ɗan tsaya a fayyace dokar ƙasa ta Ingila, domin ita ce ginshiƙin wannan bayani. A wannan doka, a wancan zamani, wanda ya mallaki fili ya mallaki ma'adinan da ke ƙarƙashinsa, in ban da zinariya da azurfa waɗanda na Sarki ne. Saboda haka mai fili ba ya bukatar ya haƙa rami ko ya zuba jari. Sai dai ya ba kamfani hayar wurin na shekaru masu yawa, ya riƙa karɓar kuɗin haya, ya kuma karɓi kaso a kan kowane tan na kwal da aka fitar. In kasuwa ta faɗi, asarar ta mai kamfani ce. In rami ya kama da wuta, rayukan na leburori ne, kamar yadda ya faru a ramin Middle Duffryn a 1852, inda sama da mutum 60 suka hallaka. Mai fili kuwa rabonsa yana nan. Wannan tsari ya daɗe ƙwarai, don sai da dokar kwal ta 1938 ta zo sa'an nan gwamnati ta fanshe haƙƙin masu filaye a kan kwal. Ta wannan hanya ce gidan Bruce ya yi arziki, kuma arzikin ne ya ba shi damar barin aikin lauya ya shiga harkokin jama'a, a zamanin da ɗan majalisa ba shi da albashi.

3.0 Daga Kujerar Shari'a Zuwa Majalisa

A 1847 aka naɗa Bruce majistare mai albashi na Merthyr Tydfil da Aberdare. Merthyr a lokacin ita ce cibiyar narkar da ƙarfe mafi girma a Wales, gari mai cunkoso da ƙazanta da yawan annoba, wanda ma'aikatansa suka taɓa yin babban bore a 1831. Da wakilin garin a majalisa, Sir John Guest, mai ma'aikatar ƙarfe ta Dowlais, ya rasu a 1852, sai Bruce ya gaje kujerarsa. Bayan 'yan shekaru kuma ya zama ɗaya daga cikin amintattun da aka danƙa wa kula da ita ma'aikatar ta Dowlais. Ke nan mutum ɗaya ya haɗa matsayi uku: ɗan gidan masu fili, mai hannu a masana'anta, kuma wakilin jama'a.

Wannan haɗin bai dame shi ba muddin masu jefa ƙuri'a 'yan kaɗan ne, galibinsu masu kantuna da masu dukiya. Ya kuwa yi suna a majalisa a matsayin mutum mai natsuwa da aiki tuƙuru a jam'iyyar Libaral. Daga 1862 zuwa 1864 ya riƙe muƙamin ƙaramin minista a Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, daga 1864 zuwa 1866 kuma ya kula da sha'anin ilmi. Amma a gida, tsakaninsa da masu haƙar kwal akwai tsami. Lokacin da suka yi yajin aiki a 1857 zuwa 1858 saboda an rage musu lada, Bruce ya fito fili ya soki yajin, ya kuma nuna rashin amincewarsa da ƙungiyoyin ƙwadago. Leburorin ba su da ƙuri'a a lokacin, amma ba su manta ba.

Ranar biyan bashi ta zo bayan dokar gyaran zaɓe ta 1867, wadda ta ba magidanta na birane ƙuri'a. Masu zaɓe a Merthyr suka ninka kusan sau goma, aka kuma ƙara wa mazaɓar kujera ta biyu. A zaɓen 1868 sai Henry Richard, wani malamin addini daga cikin Kiristocin da ba sa bin cocin gwamnati, mai jin harshen mutanen Wales kuma mai adawa da yaƙi, ya zo na ɗaya da ƙuri'u sama da 11,000. Richard Fothergill ya zo na biyu. Bruce ya zo na ƙarshe da ƙasa da 6,000. Bayan shekara goma sha shida yana wakiltar mahaifarsa, ranar farko da talakawanta suka sami bakin magana suka kayar da shi.

4.0 Ministan Harkokin Cikin Gida

Abin lura a nan shi ne faɗuwar ba ta rage shi da komai ba. A watan Disamba na wannan shekara Firayim Minista Gladstone ya ba shi Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, aka kuma samo masa wata kujera a Renfrewshire ta ƙasar Scotland a farkon 1869. Wannan ya nuna cewa a Ingila ta wancan zamani, mutum irin Bruce ba daga ƙuri'a kaɗai yake samun ƙarfi ba. Akwai dukiya, akwai dangantaka, akwai kuma yardar manya.

Dokoki uku na zamanin ministancinsa sun isa su nuna halinsa. Ta farko ita ce dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta 1871, wadda ta amince da halaccin ƙungiyoyin ta kuma kare dukiyarsu. Sai dai a wannan shekara aka haɗa ta da wata doka da ta sa tsayuwa a ƙofar ma'aikata don hana wasu shiga lokacin yaji ya zama abin hukunci. Watau an ba ma'aikata da hannun dama an karɓe da na hagu, kuma sai da gwamnatin Disraeli ta zo aka soke wannan doka a 1875. Ta biyu ita ce dokar ramukan kwal ta 1872, wadda ta wajabta cewa manajan kowane rami ya zama mai takardar shaidar ƙwarewa, ta kuma ƙara tsaurara matakan kare rayuka. Ta uku, wadda aka fi tunawa da shi saboda ita, ita ce dokar lasin sayar da giya ta 1872. Ya fara gabatar da wani ƙuduri mai tsanani a 1871, masu gidajen giya suka yi masa taron dangi har ya janye. Dokar da ta biyo baya ta ƙayyade lokacin rufe mashaya, ta hukunta gurɓata giya, ta kuma ƙarfafa ikon majistarori wajen ba da lasin. Masu yaƙi da shan giya suka ce ta yi sassauci, masu sayarwa suka ce ta yi tsanani, shi kuwa Gladstone da kansa ya ɗora wa fushin masu giya wani kaso na laifin faɗuwar jam'iyyarsa a zaɓen 1874.

A cikin waɗannan dokoki duka ana ganin mutum mai son gyara, amma gyaran da manya za su yi wa na ƙasa bisa ga abin da su manyan suka ga ya dace. A 1873 aka ba shi sarautar Baron, ya zama Lord Aberdare, ya koma Majalisar Dattawa ya riƙe muƙamin shugaban Majalisar Shawara ta Sarauniya. Da gwamnati ta faɗi a farkon 1874, bai sake zama minista ba.

5.0 Dattijon Ƙasa

Shekara ashirin da suka rage masa ya yi su ne a matsayin dattijon da ake nema ya shugabanci hukumomi da ƙungiyoyi. Aikin da mutanen Wales suka fi gode masa a kai shi ne na ilmi. Kwamitin da ya shugabanta a 1880 zuwa 1881 ya binciki halin da ilmin sakandare da na jami'a yake ciki a Wales, kuma rahotonsa ne ya kai ga buɗe kwalejin jami'a a Cardiff a 1883 da ta Bangor a 1884, da kuma dokar makarantun sakandare ta Wales ta 1889. Da aka kafa Jami'ar Wales, shi aka zaɓa uban jami'a na farko. Ba za a yi masa adalci ba in aka ɓoye wannan.

Har ila yau ya shugabanci Ƙungiyar Tarihi ta Sarauta da kuma Ƙungiyar Nazarin Labarin Ƙasa ta Sarauta. Ita wannan ta biyun ce ta ɗauki nauyin tafiyar wani matashi ɗan Scotland mai suna Joseph Thomson zuwa ƙasar Masai a 1883 zuwa 1884. A wannan tafiya Thomson ya raɗa wa wasu duwatsu na ƙasar Kenya ta yau sunan shugaban ƙungiyar, shi ya sa ake ce musu duwatsun Aberdare. Wannan sanayya tsakanin mutanen biyu ita ce za ta biyo da mu zuwa ƙasar Hausa.

6.0 Kamfanin Neja da Yarjejeniyar 1885

A 1879 George Goldie ya haɗe kamfanonin Ingila da ke ciniki a kogin Kwara suka zama kamfani guda. Burinsa ya wuce ciniki, yana so ne gwamnati ta ba kamfanin takardar iznin mulki. Amma Goldie tsohon hafsan soja ne wanda ba shi da kyakkyawan suna a wurin manyan Landan, kamfanin kuma ƙarami ne. Saboda haka a 1882 aka sake masa fasali da suna National African Company, aka ɗaga jarinsa a takarda zuwa fam 1,000,000, aka kuma nemo Lord Aberdare ya zama shugaba. Dalilin zaɓensa a fili yake. Tsohon minista ne, kuma ya zauna a majalisar ministoci ɗaya da Lord Granville, wanda a lokacin shi ne Ministan Harkokin Waje. Ƙofar da Goldie zai daɗe yana ƙwanƙwasawa, Aberdare turawa kawai zai yi ya shiga.

Kamfanin ya saye abokan gasarsa Faransawa a 1884, dab da taron Barlin, abin da ya ba Ingila damar cewa ita kaɗai ce take ciniki a ƙasan kogin. Saura kuma ƙasashen arewa, inda aka ji cewa wani Bajamushe mai suna Flegel yana shirin zuwa neman yarjejeniya. Sai kamfanin ya ɗauki Thomson ya tura shi cikin gaggawa. A watan Yuni na 1885 ya sami sa hannun Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu a Wurno, da na Sarkin Gwandu Maliki. An yi alkawarin biyan Sakkwato buhun wuri 3,000 kowace shekara, Gwandu kuma 2,000.

A nassin Ingilishi na takardar Sakkwato, an rubuta cewa Sarkin Musulmi ya miƙa wa kamfanin dukkan haƙƙinsa a kan ƙasar da ke gaɓa biyu na Binuwai da kogunan da ke zuba cikinsa, iyakar nisan da kamfanin yake so, ya kuma ba shi shi kaɗai, daga cikin baƙi, iznin ciniki da na haƙar ma'adinai irin su dalma da tozali. Wanda ya san tarihin Duffryn zai gane wannan harshe, domin harshen takardar hayar rami ne: fili, abin da ke ƙarƙashinsa, da kuɗin shekara. Masana tarihin Daular Usmaniyya, musamman R. A. Adeleye a littafinsa na 1971, sun nuna cewa fadar Sakkwato ba haka ta ɗauki lamarin ba. A wurinta, an ba wasu fatake Nasara amana ne su yi ciniki, su kuma suna kawo gaisuwa. A shari'ar da daular take bi, ƙasa amana ce a hannun shugaba, yana kula da ita a madadin jama'ar Musulmi, ba gonar gadonsa ba ce da zai sayar wa baƙo. Halin da sarakunan suka ci gaba da nunawa ya tabbatar da haka, don ba su bar wa kamfanin haraji ko shari'a ko naɗin sarauta a ko'ina cikin daular ba.

Amma a Turai nassin Ingilishi aka karanta. A watan Yuli na 1886, a zamanin gwamnatin Gladstone, aka ba kamfanin takardar iznin mulki, ya zama Royal Niger Company, Aberdare ya zama Gwamna, Goldie mataimakinsa. A 1890, da Ingila da Faransa suka shata layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin tafkin Cadi, hujjar Ingila ita ce daular Sakkwato tana cikin rabonta bisa ga yarjejeniyar kamfanin. Daga wannan layi ne, bayan gyare-gyare da dama, iyakar da ta raba Hausawan Nijeriya da na Nijar ta samo asali.

Takardar iznin ta hana kamfanin danne ciniki shi kaɗai, amma ya yi amfani da kuɗin lasin da na fito ya kori kowa. Waɗanda abin ya fi ƙuntata wa su ne mutanen Brass na bakin teku, waɗanda aka raba da kasuwannin da suka gada. A ƙarshen Janairu na 1895 suka far wa tashar kamfanin a Akasa ƙarƙashin Sarki Koko. Bayan kimanin wata guda, ranar 25 ga Fabrairu, Lord Aberdare ya rasu a Landan, aka kai shi Mountain Ash kusa da Duffryn aka binne. Goldie ya gaje shi.

7.0 Abin da Ya Biyo Baya

Ranar 1 ga Janairu, 1900, gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun kamfanin, Lugga ya ɗaga tuta a Lakwaja. An biya kamfanin fam 865,000. Daɗin daɗawa, an yi masa alkawarin rabin kuɗin da gwamnati za ta samu daga ma'adinai har shekara 99, a ƙasar da ke tsakanin Kwara da wani layi daga Yola zuwa Damagaram. Cikin wannan yanki ne ƙasar Jos take, kuma da aka soma haƙar kuza gadan-gadan, kamfanin da magadansa suka riƙa karɓar kaso ba tare da sun haƙa ba, daidai da yadda masu filaye suke karɓa a kwarin Aberdare. Sai kafin samun 'yancin kai ne gwamnatin Nijeriya ta fanshi wannan haƙƙi da fam 1,000,000. Game da ita daular kuwa, takardun 1885 ba su isa su ba Turawa ita ba. Sai da aka ci Kano da Sakkwato da yaƙi a 1903, kuma a jawabinsa na Sakkwato Lugga da hujjar cin yaƙi ya kafa ikonsa a kan ƙasa da ma'adinai.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa Lord Aberdare mutum ne mai ilmi da riƙon aiki, wanda ya bar wa mahaifarsa kwalejoji da makarantu. Za a kuma ga cewa duk rayuwarsa ya yi ta ne cikin yaƙinin cewa masu ƙasa da masu ilmi su ne suka cancanci su yanke wa sauran jama'a shawara. Masu haƙar kwal na Merthyr sun sami damar ba shi amsa a 1868, domin an ba su ƙuri'a. Mutanen Brass da na daular Sakkwato ba su da irin wannan dama, don majalisar da take yanke hukunci a kansu tana wani ofis ne a Landan, ba ta kuma ba kowa bahasi sai masu hannun jari da Ma'aikatar Harkokin Waje.

Shawarar da wannan takarda za ta bayar ga masu nazarin tarihinmu ita ce, kada a tsaya ga sojoji da gwamnonin da suka zo ƙasar nan kaɗai. Ya kamata a bi sawun masu kujerun shugabancin kamfanoni zuwa garuruwansu, a ga yadda suka sami dukiya da kuma dokokin da suka tashi a cikinsu, sa'an nan a ɗauko nassin Ingilishi na yarjejeniyoyin a jera shi da wasiƙun Larabci na fadar Sakkwato, a duba kalma bayan kalma abin da kowane ɓangare ya nufa da ƙasa.